Na kawo sabon tsari asibitin mahaifina, kowa ya ce "to" amma ba abin da ya motsa

Ɗan Mai Asibiti ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma zan ɗan ja zancen, a yi haƙuri da ni.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin asibiti ne. Da ya yi ritaya daga aikin gwamnati sai ya buɗe ɗan ƙaramin asibiti a garinmu, kan hanyar Ringim zuwa Gujungu, ba sai na kama suna ba. Gado takwas ne, da ɗakin haihuwa, da ɗakin gwajin da bai fi rumfar mai shayi faɗi ba, sai tagar ba da magani. Mu tara ne har da mai gadi da mai shara. Likita yana leƙo mu sau biyu a mako. Ni aikin jinya na karanta a Birnin Kudu, na yi shekara tara ina aiki a Kano, da ya rasu 'yan'uwa suka ce in dawo gida in riƙe wurin.

Shekara guda na yi ina kallo ban taɓa komai ba. Bayan ƙaramar Sallah na tara kowa ranar wata Asabar, na sayo lemo da biskit, na buɗe kwamfuta na zayyana musu abu uku.

Na farko, kuɗi ya koma hannu ɗaya. Tun canjin kuɗin farkon 2023, lokacin da takardar naira ta ɓace, majinyata suka koma turawa ta waya, kowane ma'aikaci ya riƙa ba da lambar asusunsa. Kuɗi ya dawo gari amma al'adar ba ta tafi ba. Na ce daga yau taga ɗaya, rasit, da POS na asibiti. Na ɗauko wata yarinya da ta gama difloma na zaunar da ita a tagar.

Na biyu, kati ya koma kwamfuta. Ina so mu nemi shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, JICHMA, tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya kuma can abin ya dosa. Ba wanda zai biya ka kuɗin majinyaci in ba ka da rubutu a tsare. Har sola na sa saboda wannan.

Na uku, duk mai zazzaɓi sai an yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi maganinta.

Da na gama sai Baba mai kati ya gyara hula ya ce, "Allah Ya sa albarka. Yadda ka ce haka za a yi." Kowa ya ce amin. Na koma gida ina ta murna.

Wata huɗu ke nan. Baba yana nan da tsohon littafinsa, ya dai sauya masa wurin zama, daga kan tebur zuwa ƙarƙashin dardumar sallarsa. A ciki yake rubuta kowa, da yamma ya miƙa wa yarinyar ta kwafe abin da ta iya karantawa. Shekararsa 26 a wurin nan. Ba ya buƙatar lambar kati, mace tana shigowa zai ce mata, "Ke ce ta gidan wane, wadda ta yi ɓari bara, hawan jini gare ki," kuma haka ɗin ne. A kafaɗarsa nake zama in kalli hawan hakimi ina yaro. Shi yake yanke wa za a yi wa lamuni sai kaka, kuma in kaka ta yi shi yake bi ya karɓo, wani da kuɗi, wani da tiyar riɗi, wani da damin gero. Ni kuwa kwamfutar tawa ba ta san "sai kaka" ba.

Iya, babbar ma'aikaciyar jinyarmu, ita ta karɓi haihuwar rabin garin. In na ce a yi gwaji sai ta ce, "Ɗan nan, na riga wannan 'yar robar sanin zazzaɓi." In ba na nan allura take yi kawai. Yarinyar taga kuwa sun sa mata suna EFCC, ba mai cin abinci da ita, sau biyu na same ta tana kuka.

Laifina kuma ba zan ɓoye ba. Wata Lahadi, ranar kasuwar Gujungu, asibiti ya cika maƙil, na ga Baba ya karɓi kuɗi a hannun wani dattijo ya sa a aljihu zai kai taga daga baya. Na ɗaga masa murya a gaban mutane. Bai ce uffan ba. Kwana biyu bai zo ba, aka ce zazzaɓi yake. A rana ta uku Hajiyarmu ta aiko a kira ni, abin da ta faɗa mini ba zan maimaita a nan ba.

Korarsu ba ta taso ba, ko na so garin ba zai bar ni ba, kuma ba na so. Barin tsarin ma ba zai yiwu ba, don maganin da nake sarowa daga Kano da kuɗin da ke dawowa ba sa haɗuwa, a haka shekara biyu ta yi yawa mu rufe. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta ina ya ɓullo?

Hajiya Mai Ritaya ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, zan yi maka magana kamar uwa, in ta yi ɗaci ka haɗiye.

Ranar Asabar ɗin nan da ka tara su da lemo da biskit, ranar ka ɓata rawarka da tsalle. Ka zaunar da mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa benci ɗaya da mai shara da yarinyar da ba ta kai 'yarsa ta uku ba, ka sanar da shi cewa aikin da ya yi shekara 26 yana yi an sami na'urar da za ta yi. Me kake so ya ce? Dattijon Bahaushe ba ya musu da ɗan maigidansa a bainar jama'a. "Yadda ka ce haka za a yi" ɗin nan ba amincewa ba ce, rufe ƙofa ce cikin ladabi. Da gidansa ka je bayan isha'i da ɗan goronka, ka ce, "Baba, ga abin da ke hana ni barci, lissafi ba ya haɗuwa, yaya kake gani?", da wataƙila shi zai kawo maka rabin abin da ka zo da shi, kuma ranar taro shi zai faɗe shi da bakinsa.

Na yi shekara 35 ina aikin ungozoma a ƙauyukan Kano ta Arewa, ɓangaren Bichi da Ɗambatta. Wajen 2016 aka kawo mana man shafa wa cibiyar jariri, chlorhexidine, aka ce a daina gashi da tsumma mai zafi, a daina sa man goge baki da sauran abin da ake sawa. Mu masu takarda muka shiga gari muna wa'azi. Mata su karɓa su gode, a je gida kaka ta jefa shi bayan gado ta ɗora kaskonta. Akwai wata tsohuwar ungozomar gargajiya da duk garin ke jin maganarta, ita ce ta fi kowa ƙin abin. Sai daga baya na gane ba man take ƙi ba. Gashin cibiya shi ne dalilin da take shiga gidan mai jego safe da yamma har a yi suna, a nan ake ba ta sabulu da hatsi da ɗan abin da ya samu, a nan ake girmama ta. Mu kuma mun zo da abin da ke cewa ba a bukatarta. Da na gane haka sai na daina ba masu jego man. Ita nake ba wa. Ita take bi gida-gida tana shafawa da hannunta, tana yi wa uwa faɗa in ta ga an sa wani abu. Sabulunta da hatsinta ba su yanke ba. Cikin damina ɗaya ta zama ita ce 'yar sandan abin.

To ka tambayi kanka, me kowannensu ya rasa ranar Asabar ɗin nan? Baba ba littafi ya rasa ba. Ikon cewa "a duba shi, ni na tsaya masa" ya rasa. Wannan ikon shi ya sa ake gaishe shi a masallaci. Mayar masa da shi a fili: lamuni ya zama aikinsa da sunansa, ka yanka masa iyakar abin da zai iya lamuncewa a wata, yarinyar ta buɗe wa "sai kaka" gurbi a kwamfutar. In kwamfutar ba za ta iya ba, ita ce ke da gyara, ba garin ba.

Kuma kafin komai, ka je ka ba shi haƙuri. A gaban mutane ka yi, saboda haka ba a ɗaki kai da shi kaɗai ba. Ka ɗauki kawunka ko limamin unguwa ku je tare.

Mai Sito ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah Ya ƙara girma, amma akwai ɓangaren da ta yi wa kara. Ni sito nake riƙewa a wani asibitin kuɗi a ƙaramar hukumar Wudil, kafin nan na yi wurare biyu. Malam, kai da bakinka ka ce magani da kuɗi ba sa haɗuwa. To ba aljanu ke kwashewa ba. Ban ce Baba ba, irinsu sau da yawa ko allura ba sa ɗauka. Amma a cikin mutum tara, in kowa na karɓar kuɗi a asusunsa shekara biyu, akwai wanda tagar nan ta rage wa cefane, kuma shi ne ya fara kiran yarinyar EFCC, ka bincika ka gani. Irin wannan ba ya fitowa ya yi musu da kai, bayan dattijai yake laɓewa yana zuga su, ya mayar da maganar ta zama ta raini.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nawa kake biyansu? A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Na san dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma mai shinkafa a kasuwa ba ya tambayar ku nawa ne a wurin aikinku. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mashin kaɗai ya isa ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. In ka toshe ɓaraka ba ka ƙara komai a albashi ba, rage musu albashi ka yi, ko da a takarda ba haka ba ne.

Abin da aka yi a wurinmu: ƙirga magani duk Alhamis, mutum biyu, kuma ana juya su. Maigidan ya ce abin da ya wuce ya wuce, ba zai tono ba. Sannan ya ce duk abin da ya ƙaru a kuɗin shiga bayan an toshe, kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata ne, ya liƙa lissafin a bango kowa na gani. Wata na biyu mu da kanmu muke tsare juna. Mutum ɗaya ya ajiye aiki ba wanda ya kore shi, kowa ya san dalili.

Ka kuma cire yarinyar nan daga bakin wuta. Kai ka kawo doka, ita ke shan zagi.

Ma'aikaciyar Lafiya daga Kazaure ta amsa:

Ni ta ɓangaren ma'aikata zan yi magana, don an taɓa yi mana irin wannan kuma ina cikin waɗanda suka ce "to" suka ƙi yi.

Yallaɓai, kun taɓa zama a kujerar Iya ranar kasuwa a watan Satumba? Yara arba'in a layi, kowanne jiki kamar garwashi. Gwajin nan sai ka jira minti 15 zuwa 20 kafin ka karanta. In mutum ɗaya ne zai huda yatsa, ya jira, ya duba, ya rubuta a kati, ya kuma je a shigar a kwamfuta, la'asar za ta yi ba a kai rabi ba. Masu kawo sabon tsari suna ƙara aiki ba sa ɗauke ko ɗaya. A wurinmu abin bai zauna ba sai da aka sa wani yaro a bakin ƙofa, aikinsa kawai auna zafin jiki da yin gwajin tun ana layi, kafin uwa ta iso gabana sakamako ya fito.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. In layi biyu ya fito a jikin robar gwajin, wato akwai maleriya, aikinka ya yi sauƙi, ka ba da ACT, haɗin maganin maleriya. In layi ɗaya ne fa? Mace ta biya kuɗin mashin daga ƙauye, mijinta ya sayar da kaza, ka ce mata ba maleriya ba ce, ga farasitamol. A wurinta ba ka yi aiki ba. Tana fita za ta tsaya a kemis a yi wa yaron allura uku, gobe ta faɗa wa matan gidan suna cewa asibitin marigayi ya lalace tun da ɗansa ya karɓa. Iya ta san wannan, sunanta take karewa, da naku ma. Abin da take bukata shi ne abin da za ta yi da abin da za ta ce in gwaji bai nuna ba: ta leƙa kunne da maƙogwaro, ta duba ƙurji, ta tambayi fitsari da gudawa, ta ƙirga numfashi minti guda cur. Daga wata 2 zuwa shekara, 50 ko fiye sauri ne; daga shekara zuwa 5, 40 ko fiye. In uwa ta ga an ɗaga rigar ɗanta ana ƙirgawa da agogo, aka ce mata ciwon a ƙirji yake ga maganinsa, ta ga aiki. In ba a sami komai ba a ce ta dawo jibi ba sai ta sake biyan kuɗin kati ba.

Kada kuma ku nuna mata kamar duk abin da ta sani shirme ne. Yaron da ke jijjiga, ko ba ya iya shan nono, ko yana amayar da komai, idonta zai riga kowa ganinsa, kuma shi ne mai bukatar allurar artesunate ta maleriya mai tsanani da gaggawar turawa babban asibiti. Ku ce mata waɗannan nata ne, kada su bi layi. Ita fa ta ga zamanin kilorokwin, ta ga an daina shi a 2005 an koma ACT, ta bi. Umarnin gwaji kafin magani ma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi, ba ku kuka ƙirƙiro ba. Wadda ta sauya sau ɗaya za ta iya sakewa.

Abu uku a rana ɗaya kuma ya yi yawa. Ku zaɓi ɗaya.

Hajiya Mai Ritaya ta sake cewa:

Mai Sito, ban yi kara ba, na bar maka ne don na san za ka zo. Amma liƙa lissafi a bango a ƙauye, a yi hattara. Kafin magariba duk garin ya san abin da asibiti ke samu, gobe masu neman taimako da masu neman bashi sun yi layi a ƙofar gidan yaron nan. A karanta musu a ɗaki ya isa.

Ɗan Mai Asibiti ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ina so in dawo da labari ba da alkawari ba. Mako biyar ke nan.

Mama Hajiya, na bi maganarki. Da kawuna muka je ranar Juma'a bayan an sauko. Na durƙusa na ba shi haƙuri a zaurensa, maƙwabtansa biyu na zaune. Ya ce ya yafe tun ranar. Sai ya shiga ciki ya fito da littattafai goma sha ɗaya ɗaure da igiyar rama, tun na shekarar da aka buɗe asibitin. Ya buɗe mini shafin bashi. Wallahi akwai gidajen da mahaifina ya sa aka ja wa layi ya rubuta "na yafe" da hannunsa, ban taɓa sani ba. Akwai kuma bashin da Baba ya biya daga aljihunsa don ya tsaya wa mutum bai cika ba. Na kasa magana.

Yanzu lamuni a hannunsa yake, da iyaka duk wata. Littafinsa ya dawo kan tebur, na daina yaƙi da shi. Da yamma shi yake karantawa yarinyar tana shigarwa, yana gyara mata sunayen unguwanni. Kwamfutar dai har yau bai taɓa ta da yatsa ba, yana kiranta "akwatin yarinya". Na dakatar da maganar JICHMA sai bayan kaka.

Mai Sito, hasashenka ya yi daidai, kuma ba wanda nake zato ba ne. Ba zan ce komai a kai ba tunda na yi alkawarin ba tone-tone. Mun fara ƙirgar Alhamis. Ƙarin albashi na yi wa ƙananan huɗu, kaɗan ne, abin da zan iya ke nan yanzu.

Inda na maƙale shi ne Iya. Na sa yaron ɗakin gwaji a bakin ƙofa kamar yadda 'yar'uwa ta Kazaure ta ce, layi ya ragu sosai. Iya tana karɓar sakamakon, tana dubawa, har ƙirga numfashin tana yi, kuma ta fi ni iyawa. Amma in layi ɗaya ya fito kuma uwar yaron 'yar ƙawarta ce ko jikar wata da ta sani, sai in ji ta ce, "Kawo shi ciki," ta ja labule. Shekaranjiya na ƙirga kwalaben allura, uku babu, kuma ta biya kuɗinsu a taga da rasit da komai, daga jakarta. Ban san ta inda zan kama wannan ba. 'Yar'uwa ta Kazaure, ke da kika ce kina cikin masu cewa "to" su ƙi yi, me ya sa kika daina? Ko har yanzu kina jan labulen?